Godiya ga masu gyaran ƙasan mota na Farin Gada a Jos

Assalamu alaikum Oga, kai da yaranka. Na ce bari in rubuta a fili kowa ya gani, don ranar da na zo ɗaukar mota ina sauri ko godiyar kirki ban tsaya na yi ba.

Hilux ɗin nan da nake ɗauko dankali da ita daga Bokkos, damina na wucewa ta koma kamar amalanke, ɗan rami kaɗan sai ta yi ta rawa, ga ƙara ƙii ƙii daga baya har kunya nake ji in na shigo gari. Inda na fara kai ta ko leƙa ƙasanta ba su yi ba, wai in je Dilimi in sayo shokozoba, abin nan da ke hana mota rawa a rami, guda 4.

Ku kam da kuka ɗaga ta sai kuka kwance komai, sifirin na baya kuka warware shi falle falle, ashe jar laka ce ta shige tsakani ta bushe, tsatsa ta ci. Ina zaune a benci yaran nan suka bi kowane falle da burushin waya da sanfefa har ƙarfen ya fito fes, aka shafa fenti, aka sa sabon bushin. Na gaba kuma mai naɗi, sai da kuka matse shi da abin matsewa kafin a taɓa notin sama, har ka daka wa ƙaramin yaron tsawa ya matsa, ka ce in ya kubce yana iya fasa wa mutum fuska. Wallahi ni da ban san haka ba.

Abin da ya fi burge ni sandar shokozoba mai sheƙin nan, na ce a goga mata sanfefa ita ma ka ce a'a Alhaji, in ta karce za ta cinye sil, robar da ke tare man ciki, mai ya zube, da tsumma mai laushi kawai aka goge ta. Biyun baya ka ce sun yi yoyo sun mutu a canja su tare, na gaba kuwa da sauran ƙarfinsu, alhali da ka ce duka 4 ɗin ne ba musu zan biya.

Jiya na dawo ta Mangu da lodi, shiru kake ji. Allah ya ƙara kasuwa, ya yi wa yaran nan albarka. Buhun dankalinku na nan tafe ran Asabar in sha Allah, a ba ƙaramin nan kaso mai tsoka.