Bizar aiki kamfani ne ke nemo ta, a daina ba dillalai kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi magana da ƙannenmu da suka koyi rubuta manhajar kwamfuta, waɗanda hankalinsu ya karkata ga neman aiki a Turai da Amurka. Fita neman halali ba aibi ba ne, domin kakanninmu ma sun yi fataucin goro har Gwanja. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawa suke fara neman biza tun kafin su sami aiki, har a sayar da gona ko fili a miƙa wa wani dillali da ya yi alkawarin abin da ba ya hannunsa.

A yawancin ƙasashen da ake sha'awa, aiki ne ke gaba, biza tana biye da shi. A Birtaniya, kamfanin da zai ɗauki baƙo sai ya mallaki lasisi daga ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma gwamnati tana wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisin a shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa kyauta. Kamfanin ne ke bayar da shaidar ɗaukar nauyi bayan ya gwada mutum ya gamsu da shi, kuma doka ta hana sayar da ita. Saboda haka duk wanda ya ce a kawo miliyoyi zai samo wannan shaida, ko dai ta bogi ce, ko kuwa aikin da ke kanta babu shi. Mafi ƙarancin albashin da ake amincewa da shi ya koma fam 38,700 a shekara a watan Afrilun 2024, ya sake hawa zuwa fam 41,700 a Yulin 2025, na masu rubuta manhaja ma ya fi haka. Ga kuɗin kula da lafiya fam 1,035 na kowace shekara da ake biya tun kafin tafiya, ga gwajin tarin fuka da ake wajabta wa mai nema daga Najeriya.

Amurka kuwa ba na ba kowa shawarar ya jingina da ita. Bizar H-1B, wato bizar aiki ta ƙwararru, guda 85,000 ake bayarwa a shekara, 20,000 daga ciki na waɗanda suka yi digiri na biyu a can ne, kuma masu nema sun yi yawa har sai an yi ƙuri'a. A Satumban 2025 Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sababbin buƙatu, kuɗin da kamfani ƙalilan ne za su biya saboda matashin da ba su taɓa gani ba.

Jamus ce nake ganin matasanmu ba su ba ta kulawar da ta dace ba, wataƙila don tsoron harshe, alhali kamfanonin fasaha da dama a Balin da Turanci suke aiki. Tun Nuwamban 2023 masanin kwamfuta da ba shi da digiri yana iya samun katin zama na ƙwararru, wanda ake kira Blue Card, idan ya nuna ƙwarewar shekara 3 cikin shekaru 7 da suka wuce, kuma ya sami aikin da albashinsa ya kai adadin da aka ƙayyade. Wannan babbar dama ce ga wanda ya koyi sana'ar da kansa. A Yunin 2024 kuma suka fito da Chancenkarte, wanda ke ba mutum shekara guda ya shiga ƙasar ya nemi aiki, yana ɗan aikin sa'o'i 20 a mako. Sai dai dole ya nuna yana da abin ciyar da kansa, fiye da yuro 1,000 a kowane wata, kuma wanda ya lissafa wannan da naira ya san ba ƙaramin nauyi ba ne.

Duk waɗannan ƙofofi a kan ƙwarewa suke buɗewa. Kamfani ba zai ɗauki ɗawainiyar lauya da kuɗin gwamnati da jiran watanni saboda wanda ya gama kwas na wata shida ba, tunda irinsa suna nan birjik a ƙasarsu. Tun a 2019 kamfanin Andela, mai samar wa kamfanonin waje masu rubuta manhaja, ya sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, bisa dalilin cewa kasuwa manya take nema. Don haka ina ganin ya fi wa matashi alheri ya yi shekara uku ko huɗu yana aiki na gaskiya a gida, ko a banki, ko a kamfanin hada-hadar kuɗi, ko ya yi wa na waje aiki daga ɗakinsa, ya tara ayyukan da zai iya nunawa a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, ya kuma saba da bayyana tunaninsa da Turanci yayin da ake kallonsa yana warware matsala a hirar ɗaukar aiki.

Akwai kuma wata matsala tamu ta gida da take jawo wa mutane tsaiko, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. Sai ka ga Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar digiri, sunan gari a sakamakon sakandare. A gyara wannan tun da wuri. Wanda ya tafi kuma ya sani bizarsa a ɗaure take da kamfaninsa: idan aka sallame shi a Amurka ko Birtaniya, kimanin kwana 60 ake ba shi ya sami wani mai ɗaukar nauyi ko ya bar ƙasar, saboda haka kada ya kwashi iyali ba tare da ajiya ba.

Ina kira ga jami'o'inmu da su riƙa aika cikakken sakamakon ɗalibai cikin gaggawa idan hukumomin tantance takardu na waje suka nema. Ina kuma roƙon wannan jarida ta riƙa kawo sauye-sauyen dokokin biza da Hausa duk lokacin da aka yi su, domin iyayen da ake karɓar kuɗin daga hannunsu su san abin da za su tambaya kafin su biya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai rubuta manhaja, daga Kano