Wasiƙa daga Maradi: raba rizon gida da na 'yan haya

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin Agadez? Nan Maradi ma hunturu ya kama, ƙura ko'ina.

Game da tambayarka ta yadda za ka raba rizon gida da na 'yan haya a kan intanet ɗaya, ruta uku kake bukata, wato akwatin nan mai raba intanet ga na'urori. Wadda kamfani ya ba ka ita ce uwa. Ka bar adireshinta a 192.168.1.1, ka kashe WiFi ɗinta, ka taƙaita lambobin da take rabawa da kanta, wato DHCP, daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.200.

Sai ka ja kabul daga ƙofar LAN ta uwar, wato ta jona na'urorin ciki, zuwa ƙofar WAN ta rutar gida, wato wadda intanet ke shigowa ta ciki; WAN ita ce mai launi daban, sau da yawa shuɗiya. A saitin WAN ka zaɓi tsayayyen adireshi: 192.168.1.2, mask 255.255.255.0, gateway 192.168.1.1, DNS 8.8.8.8. Ɓangarenta na ciki ka mai da shi 192.168.2.1. Ta 'yan haya haka nan, sai dai WAN 192.168.1.3, ciki 192.168.3.1. Daga nan babu mai ganin na'urar wani.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne sabuwar ruta kan zo da 192.168.1.1 daga kwali. In ka jona ta a haka, ciki da waje sun zama gida ɗaya, fitilu na ci amma intanet shiru. Don haka ka fara haɗa ta da kwamfuta ita kaɗai, ka canza lambar. In kuwa kabul ya shiga LAN maimakon WAN, ruta biyu za su riƙa rabon adireshi, rabuwar kuma ta tashi a banza.

In aljihu bai kai uku ba, iyali su zauna a ta ciki, 'yan haya a kan uwar (a nan sai ka bar WiFi ɗinta a kunne), domin na ciki yana leƙa na waje amma na waje ba ya ganinsa.

Kabul ɗin ya zama Cat6, kada ya wuce mita 100. Tashar WiFi (channel) kuwa, ruta ɗaya ka sa ta a 1, ɗayar a 11. Kuma kada ka ajiye rutocin dab da kwanon rufi, zafin Afrilu na sa su suma.

Ka gaishe da Hajiya da yara.

Naka amini,
daga Maradi