Sabbin sandunan dogarawa: a duba inda sanda ke taɓa jiki da ƙasa

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon a ba mu fili a shafin wasiƙu domin mu yi magana kan sandunan dogarawa da sauran kayan da ke taimaka wa masu lalurar ƙafa wajen tafiya. Labaran da aka fi bugawa a kan wannan batu iri biyu ne: hoton ranar rabon sanduna, ko labarin wata sabuwar ƙira mai ɗaukar ido da aka baje kolinta. Yadda sandar take zama a jikin mai ita bayan wata uku, wannan ba a cika faɗa ba. Kuma batun ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya nuna fiye da mutum biliyan 2.5 suna buƙatar wani abin taimako, daga tabarau har keken guragu, kuma kusan biliyan 1 a cikinsu ba sa samu.

Sanda tana taɓa ƙasa, tana taɓa tafin hannu, sannan tana jingina da haƙarƙari ko da hannu. Duk ƙirar da ta sauƙaƙa wa mutane rayuwa da gaske, a ɗaya daga cikin wuraren nan ta yi gyara, kuma da wannan ma'auni ya kamata a auna kowace sabuwa.

Sandar hammata ita ce aka fi sani, kuma ita aka fi yi wa kuskure. Ba a yi ta don a rataya a kanta ba. Idan mutum ya tsaya da takalminsa, ya sa gindin sandar kamar santimita 15 daga gefen ƙafarsa kuma ɗan gaba kaɗan, ya kamata yatsu biyu zuwa uku su shige tsakanin hammata da matashin saman sandar, wato santimita 4 zuwa 5. Mariƙin kuma ya zo daidai wuyan hannu idan an saki hannun, ta yadda in an riƙe, gwiwar hannu za ta lanƙwashe kamar digiri 20 zuwa 30. Nauyi a tafin hannu yake sauka, matashin sama kuma a matse shi tsakanin hannu da haƙarƙari. Idan sandar ta yi tsawo, ko mutum ya gaji ya saki jikinsa a kai, matashin yakan danne jijiyoyin da suka ratsa ta hammata. Alamar farko ita ce yatsu su riƙa yin sanyi ko tsira kamar allura, daga baya wuyan hannu ya saki, mutum ya kasa ɗaga shi. Mutane da yawa sukan naɗa tsumma ko soso a saman sandar don su rage zafi. Wannan yana ƙara wa sandar tsawo, yana kuma koya wa mutum rataya, wato ya ƙara ciwon da ake gudu. Sabbin ƙira da suka sa matashi mai lanƙwasa wanda ke bin motsin haƙarƙari sun taimaka wajen hana sandar zamewa gaba, amma ba su soke wannan awo ba.

Don kauce wa hammata aka ƙirƙiro sandar gwiwar hannu. Wani injiniya Bafaranshe, Emile Schlick, ya yi rajistar ƙirarta a 1917, sannan A. R. Lofstrand a Amurka ya fito da wadda ake iya ƙara wa tsawo ko a rage a 1945, shi ya sa har yau wasu ke kiranta da sunansa. Tana da zoben roba da ke kama hannu, kuma gefen saman zoben ya tsaya santimita 3 zuwa 4 ƙasa da tsinin gwiwar hannu. In ya hau ya hana gwiwar lanƙwashewa, in ya sauka sosai sandar ta riƙa lilo. Zoben iri biyu ne. Mai kewaye hannu kusan gaba ɗaya yana bari mutum ya saki mariƙi ya buɗe ƙofa ko ya gaisa, sandar tana rataye. Mai buɗaɗɗen baki kuma yana sakin hannu da wuri idan an faɗi. Ga wanda zai yi shekaru da sanda, kamar mai shan inna ko wanda aka yanke wa ƙafa, mun fi karkata ga sandar gwiwar hannu mai rufaffen zobe, matuƙar yana da ƙarfin hannu da kafaɗa da daidaiton tsayuwa. Wanda ya karye zai yi makonni kaɗan, ko wanda jikinsa bai da ƙwari, sandar hammata ta fi ba shi natsuwa.

Mariƙi shi ne wurin da aka samu ci gaba mai amfani ƙwarai. Tsohon mariƙi dunƙulallen bututu ne siriri, yana tara nauyin jiki a layi ɗaya a tsakiyar tafi, inda jijiyoyin yatsu suke wucewa, kuma yana lanƙwasa wuyan hannu baya. Sabon mariƙi mai faɗi an zuba shi ne da siffar tafin hannu, an ɗan karkata shi domin wuyan hannu ya miƙe. Sai dai irin wannan yana da na dama da na hagu, kuma in aka musanya su sun fi tsohon cutarwa. Mai amosanin gaɓɓai da ba ya iya damƙe abu, akwai sanda mai kwami inda ake kwantar da hannu daga gwiwa zuwa wuyan hannu a ɗaure da maɗauri, nauyi ya sauka a kan dogon ƙashi maimakon yatsu.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu, robar gindin sanda. Ita kaɗai ce tsakanin mutum da faɗuwa, kamar tayar mota ce, in zanenta ya shafe babu birkin da zai yi aiki. Roba mai kyau tana da zane mai zurfi a ƙasa da zai ture ruwa gefe, a cikinta kuma akwai ɗan faifan ƙarfe da bakin bututun sandar ke zama a kai. Idan babu faifan nan, bakin bututun yakan yanka robar a hankali har ya leƙo, ranar da ya leƙo a kan tayil mai laima kuwa sandar za ta tafi ta bar mai ita. Robar tana da lamba gwargwadon kaurin bututu, waɗanda aka fi samu su ne milimita 19 da 22 da 25. Wadda ta yi girma takan cire a cikin laka, wadda ta yi ƙanƙanta takan tsage wajen sawa. A riƙa juya sanda ana duba gindinta kowane mako. In zanen ya shafe, ko gefe ɗaya ya cinye ya bar ɗayan, ko robar ta bushe ta yi tauri tana tsattsagewa, a canza ta, kuma a canza na sandunan biyu tare domin tsawonsu ya zo ɗaya.

Sabbin robobi sun magance wata matsala ta gaske. Sanda ba ta sauka a miƙe, a karkace take taɓa ƙasa, don haka tsohuwar roba gefenta kawai ke kamawa a farkon taku. Masu wuya mai lanƙwasa suna bari faɗin robar duka ya kwanta a ƙasa ko da sandar ta karkata. Wasu kuma an sa musu abu mai laushi a ciki, ko sifirin a cikin bututun, domin su shanye girgizar da ke hawa zuwa wuyan hannu da kafaɗa a kowane taku. Amfaninsu a fili yake ga mai dogon amfani, domin kafaɗa ba a halicce ta don ɗaukar jiki ba, kuma tafiya da sanduna biyu ƙafa ɗaya a rataye tana cin ƙarfi kusan ninki biyu na tafiyar lafiyayye. Amma sifirin sai ya dace da nauyin mai shi. In ya yi laushi, sandar takan nutse a ƙarƙashinsa a kan matakala, daidai lokacin da yake buƙatar ta tsaya cak.

Game da abin da ake ƙera sandar da shi, alminiyam ya maye gurbin katako saboda rashin nauyi da ramukan daidaita tsawo, waɗanda galibi tazararsu santimita 2.5 ce. Rauninsa yana nan a ramukan: sukan buɗe su zama dogaye, sandar ta fara ƙara a kowane taku, wata rana maɓallin ya koma ciki ta ruguje. Sanda mai ƙara tana neman gyara. Zaren kabon, wani abu mai ƙarfi da ake ƙera sanda da shi maimakon ƙarfe, ya fi sauƙin nauyi, amma alminiyam yakan lanƙwashe ya yi gargaɗi, shi kuwa kabon yakan ɓoye tsagewa ya karye farat ɗaya, saboda haka a bincika shi da kyau bayan kowace faɗuwa mai ƙarfi. Kowace sanda tana da iyakar nauyin da aka gwada ta a kai, a nemi wannan lamba a jikinta kafin a karɓa.

Ga wanda rauninsa yake ƙasa da gwiwa, an fito da madogari da ake ɗaurawa a cinya, a durƙusa a kansa gwiwa a lanƙwashe digiri 90, hannaye su huta. Yana da kyau ga mai ƙarfi da daidaito, bai dace da tsoho mai jiri ba.

Madogari mai tayoyi huɗu da birki da wurin zama, wata 'yar ƙasar Suwidin mai suna Aina Wifalk ce ta ƙirƙiro shi a 1978. Ita kanta ta yi fama da shan inna, sanduna sun lalata mata kafaɗu, kuma ba ta yi rajistar mallakar ƙirar ba domin kowa ya iya ƙerawa. Don daidaita tsayuwa da hutawa aka yi shi. Wanda aka hana taka ƙafa ɗaya bai kamata ya dogara da shi ba, domin zai gudu ya bar shi, mai ƙafa huɗu marar taya ko mai taya biyu a gaba shi ya dace da shi. Tayoyin santimita 15 na cikin ɗaki ne, na waje su kai 20 ko fiye. A kulle birki kafin a zauna, kuma kada a tura mutum yana zaune a kai. Ga masu cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, da ƙafarsu ke kafewa a tsakiyar tafiya, akwai sanda da madogari masu haska jan layi a ƙasa, mutum ya tsallake layin tafiya ta ci gaba. Akwai kuma mai birkin da ke kamawa da zarar an saki hannu. Kwagiri kuwa a hannun da ke gefen lafiyayyar ƙafa ake riƙe shi, ya tafi tare da ƙafa mai ciwon.

Roƙonmu gare ku, Malam Edita, shi ne idan wakilinku ya je ɗauko labarin rabon sanduna ko sabuwar ƙira, ya tambayi wa ya auna kowane mutum kafin a miƙa masa, wa ya koya masa hawa matakala da lafiyayyar ƙafa a gaba da saukowa da sanda da ƙafa mai ciwon a gaba, kuma ina zai samu robar gindi mai lambar bututunsa idan ta farko ta cinye. Idan yara ne, ya tambayi yaushe za a sake auna su, domin yaro yana ƙara tsawo sandarsa ba ta ƙarawa sai an matsa maɓallinta.

Mun gode da wannan dama. Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Wasu ma'aikatan gashin ƙashi da masu haɗa kayan dogarawa