A Dubi Halin da Ƙananan Wuraren Cin Abincinmu Suke Ciki a Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ya shafi rayuwarmu ta yau da kullum, mu Hausawa mazauna Legas. Al'amarin kuwa shi ne na ƙananan wuraren ci da sha da muka dogara da su, wato teburin mai shayi da rumfar mai tuwo da tukubar mai tsire da inuwar da mai fura da nono take sauke ƙwaryarta.

Na haura shekara ashirin ina zaune a Agege, ina harkar kayan gwari a kasuwar Mile 12. Zaman Hausawa a Agege tsohon zama ne, domin fataucin goro ya kawo kakanninmu, sannan hanyar jirgin ƙasa da ta haɗa Ikko da Kano a 1912 ta ƙara yawansu. Abin da na lura da shi a duk unguwar da mutanenmu suka taru, ko Idi-Araba ko Obalende ko Ijora ko Alaba Rago, shi ne bayan masallaci babu abin da ake fara kafawa sai wurin abinci. Dalilin a fili yake. Mafi yawanmu maza ne da suka baro iyali a gida, wasu 'yan ci-rani ne da suke kwana mutum biyar ko shida a ɗaki guda, wasu ma a cikin shago ko a bakin kaya suke kwana, ba su da murhu balle tukunya. Ga irin waɗannan mutane sayen abinci a waje ba marmari ba ne, dole ce.

Duk wanda yake son ya san amfanin waɗannan wurare, to ya zauna a teburin mai shayi daga idar da sallar asuba zuwa hantsi. Zai ga lebura ya nemi ruwan bunu da gutsuren burodin Agege, direban babbar mota da ya kwana a hanya ya ce a yi masa haɗin kauri da ƙwai, ga rediyo a gefe ana sauraron labaran safe, ana muhawara a kan farashin albasa da halin da aka baro damina a Arewa. A nan ne yaron da ya sauko daga mota bai san kowa ba yake tambayar inda mutanen garinsu suke, kuma da wuya ya tashi ba a haɗa shi da wanda zai ba shi makwanci ba. A nan ake sanar da rasuwa, a tara gudummawar kai gawa ko ta kai mara lafiya asibiti. Mai shayi yana da littafin bashi, ya san wanda kasuwa ta juya wa baya, yana ba shi ya sha har Allah ya hore masa. Haka ita ma Hajiya mai tuwo, wadda kowa yake kira Inna, takan ƙara wa yaro malmala ko ta tsoma masa nama in ta ga alamar yunwa a fuskarsa. Ni kaina a watannina na farko a garin nan irin wannan alheri ne ya riƙe ni, kuma ban manta ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne wani abu da na gani kwanakin baya. Wani abokin cinikina Bayarabe ya gayyace ni wani ɗan ƙaramin gidan abinci a Ikeja domin mu kammala wata magana. Tebura ba su wuce bakwai ba, amma wurin fes yake, ga iska, ga wurin wanke hannu da sabulu, mutum zai iya zama awa biyu yana hira cikin natsuwa. Da na duba abin da ake sayarwa, sai na ga tsire da masa da zoɓo da kunun aya, wato abincinmu ne, ana sayar da shi ninkin-baninkin kuɗin da muke saye a unguwa. Wanda yake gashin naman a bakin ƙofa ma yaronmu ne, ɗan ƙasar Sakkwato, yana aikin albashi. Ba na yi wa masu wurin hassada, domin sun kashe kuɗi sun kuma yi tunani, kuma irin waɗannan wurare sun yawaita a Surulere da Yaba da Lekki. Sai dai ana sayar da giya a wurin, kwalabe a kan teburin da ke kusa da mu, don haka ban sake ba har muka tashi, kuma na san ba wurin da zan kai iyalina ba ne.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: me ya hana mu, masu abincin, mu mallaki irin wannan wuri ba tare da giya ba? Idan surukina ya zo daga Zariya, ko na so in fita da maiɗakina da yara ranar sallah, ina zan kai su a unguwarmu? Benci ne a bakin kwata, ga hayaƙin motocin haya na danfo, ga ƙuda, kuma mun san mace mai mutunci ba ta zama a teburin mai shayi. Sakamakon haka 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda suka yi makaranta tare da 'ya'yan wasu ƙabilu, in suna son wurin zama mai tsafta sai su tafi inda ake shan giya da shisha, sa'an nan mu dawo muna kukan tarbiyya ta lalace.

Ban ɗora laifin duka a kan masu sana'ar ba, domin na san irin matsin da suke ciki. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin dakon tumatir da tattasai da shanu daga Arewa ya yi tashin gwauron zabo, haka iskar gas da gawayi da madara da sukari da fulawa, alhali mai shayi ba ya iya ƙara kuɗi yadda yake so, tunda ya san aljihun masu zama a bencinsa. Kafin wannan ma, haramta acaɓa da gwamnatin jiha ta yi a watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa, ya kwashe wa masu abinci da dama rabin masu sayensu, domin 'yan acaɓa su ne masu ci sau uku a waje. A watan Janairun 2024 kuma aka hana amfani da fararen robobin nan marasa nauyi da ake zuba abinci a ciki. Ina goyon bayan wannan doka, domin duk wanda ya ga yadda suke toshe magudanan ruwa da damina ba zai yi musu ba, amma mata da yawa masu sayar da tuwo ba su ji labarinta da harshen da suke fahimta ba sai da aka zo kamu.

Babbar matsalar dai ita ce rashin tabbataccen wuri. Mutumin da ya kafa rumfa a kan kwata ko a ƙarƙashin gada, wanda bai san ranar da za a zo rusau ba, ba zai sayi tebur mai kyau ko ya ja famfo ba, domin gobe ana iya watsar da su. In ya ce zai kama shago, sai a nemi kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa kullum waɗanda ba a ba da rasit a kansu.

Amma akwai inda laifin namu ne, kuma ɓoye shi ba zai amfane mu ba. Bokitin ruwa guda ake ɗauraye kofuna da shi tun asuba har rana ta take. Ana naɗe tsire mai zafi da mai a tsohuwar jarida, wani lokaci ma a takardar buhun siminti. Ana ɗura zoɓo da kunu a gorunan da aka tsinto, da ruwan da ba a san rijiyar da mai garuwa ya ɗebo shi ba. Lokacin da cutar amai da gudawa ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, jami'an lafiya na jiha sun danganta wani ɓangare na ɓarkewar da wani kunun aya da ake sayarwa ba tare da rajista ba, kuma na ga yadda mutane suka ƙaurace wa duk mai sayar da kunu a makonnin da suka biyo baya, har da waɗanda suke tafasa ruwansu suna kiyaye ƙa'ida. Mu da muke alwala sau biyar a rana, muna cewa tsafta cikon addini ce, bai dace a san wuraren abincinmu da ƙazanta ba. Tafasa ruwa da canza ruwan wanke-wanke da rufe abinci da ajiye buta da sabulu a bakin rumfa ba sa buƙatar jari mai yawa.

Saboda haka ina kira ga sarakunan Hausawa na unguwanninmu, da sarakunan fawa, da shugabannin masu shayi, su zauna da ƙananan hukumomi a nema wa masu abinci rumfuna na dindindin a cikin kasuwanni da tashoshi, da haraji guda sananne mai rasit, a kuma roƙi duba-gari su riƙa zuwa da tafinta suna koyarwa kafin su kai ga rufe wuri. Ina kuma kira ga attajiranmu masu canji da dillalan shanu da masu manyan motoci, waɗanda Allah ya buɗa wa a garin nan, su duba wannan sana'a. Shago ɗaya mai tebur shida, da fanka, da famfo, da ɓangaren da aka keɓe da labule domin iyali, inda za a samu tuwon shinkafa da miyar taushe da masa da balangu da fura mai sanyi, ba zai gagari mutum ɗaya daga cikinsu ba, kuma na tabbata maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo, waɗanda suke bin layi a Obalende da daddare domin tsire, za su shigo. Sharaɗin da nake roƙo kawai shi ne kada gyaran ya kori talaka. A bar farantin da lebura zai iya saye, a kuma ɗauki matan da suka daɗe suna tuƙa tuwon a matsayin abokan tarayya, kada a mayar da su 'yan aiki a sana'ar da su ne suka gina ta.

Daga ƙarshe, ya Edita, ina roƙon ka turo wakilinka na Legas ya zagaya Agege da Idi-Araba da Mile 12 da sassafe, ya zauna da masu shayi da masu tuwo ya ji daga bakinsu nawa suke biya a rana kafin su sayar da kofi ɗaya, da kuma sau nawa aka tashe su daga wurinsu, sa'an nan a buga abin da suka faɗa domin shugabanninmu su karanta.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Agege, Jihar Legas