Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobi: Zaman Nazarin Rayuwar Farfesa Lambo da Abin da Ya Biyo Baya

Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan uwa mambobi. Kamar yadda aka saba, kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta masu nazarin halayyar ɗan Adam da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa Hausawa mazauna Legas yana gabatar muku da bayanin abin da aka yi a bana.

Babban aikin shekarar shi ne zaman da muka yi a Agege kan rayuwar marigayi Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa haifaffen Abekuta a 1923, wanda ya yi karatun likita a Birmingham ta ƙasar Ingila. Da ya dawo gida a 1954 ya kama aiki a asibitin ƙwaƙwalwa na Aro da ke Abekuta, sai ya riƙa sauke masu taɓin hankali a gidajen ƙauyukan da ke kewaye, kowane majinyaci tare da wani ɗan uwansa, kuma bai ƙyamaci yin aiki da masu maganin gargajiya ba. Ya shugabanci Jami'ar Ibadan daga 1968 zuwa 1971, sannan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, inda ya zama mataimakin babban darakta daga 1973 zuwa 1988.

Muhawara ta yi zafi a kan shekarunsa na shugabancin jami'ar, domin a zamaninsa ne 'yan sanda suka harbe ɗalibi Kunle Adepeju a farkon 1971 yayin zanga-zangar ɗalibai. Wasu mambobi sun ce kujerar mulki ta cinye lokacin da ya kamata ya ba bincike, wasu kuma suka ce da bai hau ta ba, da muryarsa ba ta kai Janiba, hedikwatar Hukumar Lafiya ta Duniya, ba. Kwamiti bai yanke hukunci ba, amma a ganinmu darasin Aro ya fi shafar mu.

Saboda haka muka fara ziyartar malamai masu ruƙiyya a Agege da Mile 12. A wani zaure mun tarar da saurayi ɗaure da mari a ƙafa, mahaifiyarsa na gefe tana yi masa fifita. Ba mu yi jayayya da malamin a kan aljanu ba; mun roƙe shi ya ci gaba da addu'a, ya kuma yarda a kai yaron asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba, kuma ya yarda bayan komawarmu ta uku.

Tafiyar da aka tsara zuwa Abekuta ba ta yiwu ba saboda tsadar kuɗin mota, kuma gaskiya ita ce da yawa daga cikinmu ba su biya kuɗin wata ba. An ɗage ta zuwa bayan Babbar Sallah, ma'aji kuma zai karanta cikakken lissafi a taro mai zuwa.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa.