Sunan yaro a jerin 'yan jira na NDA: abin da ya kamata iyaye su sani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon fili in yi magana a kan wani abu da ke maimaita kansa duk shekara idan makarantar horas da hafsoshin soja ta NDA da ke Kaduna ta fitar da sunayen waɗanda ta ɗauka. Sunayen kan fito jiha-jiha, kuma tare da na waɗanda suka yi nasara akwai wani gajeren jeri na 'yan jira, wanda yara ke ce wa rizab. A wani gidan da an ga sunan sai guɗa, a shiga kasuwa sayen akwati da takalmin gudu. A wani gidan kuma a ɗauka faɗuwa ce, yaro ya yi fushi ya kashe waya ya tafi ƙauye. Duka biyun ba su karanta takardar daidai ba.

Ɗan rizab ya tsallake duk abin da mai nasara ya tsallake. Ya sa NDA a zaɓin farko a JAMB, ya cike fom na daban a shafin makarantar, ya kawo makin da aka yanke, wanda a shekarun nan ya kasance 180 ga yawancin fannoni da 210 ga masu son injiniya. Ya ci jarrabawar tantancewa ta makarantar. Ya je Kaduna gaban hukumar zaɓe ta rundunonin soja, AFSB, an auna tsayinsa, an ɗebi jininsa, an duba idonsa da ƙashinsa, ya yi gudu, ya amsa tambayoyin manyan hafsoshi. Gurbi kawai ya rasa. Gurbin kuwa na jiha ne, domin ana raba shi ne tsakanin jihohi 36 da Abuja. Yaron Kano da 'yan Kano yake takara, ba da ɗan Bayelsa ba. Shi ya sa yaro zai iya zama a benci a jiharsa alhali da makin nan nasa zai wuce kai tsaye a wata jihar, kuma shi ya sa in wani daga Sakkwato bai zo ba, wannan bai amfani ɗan jiran Katsina da komai ba.

To ta ina gurbi ke buɗewa? Wani an ɗauke shi amma ya sami likitanci a jami'a, mahaifiyarsa ta ce sam, bai je ba har ranar da aka yanke ta wuce. Wani ya je, aka sake duba takardunsa na asali aka ga ba su jitu ba. Wani likita ya gano masa abin da ya kuɓuce a gwajin farko. Wani kuma ya ɗanɗana horon kwanakin farko ya ga ba zai iya ba. Duk wannan a farkon zango yake faruwa. Da horo ya yi nisa ba a ƙara sako sabon mutum, don ba zai cim ma 'yan uwansa ba. Saboda haka jiran na makonni ne, kuma ba ya tsallakawa zuwa baɗi. Wanda ba a kira ba zai koma farko ne, sabuwar JAMB, sabon fom, sabon gwaji, domin sakamakon JAMB na shekara guda ne.

A cikin waɗannan makonnin yaro ya zauna kamar gobe za a kira shi. Layin wayar da ya cike fom da shi ya kasance a kunne kuma a hannunsa, ba a hannun mai shagon intanet da ya cike masa ba, wanda shi ne kuskuren da ya fi yawa. Ya riƙa leƙa shafin makarantar da kansa. Takardun asali su zauna a jaka ɗaya: sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit 5 har da Turanci da Lissafi a zama bai wuce biyu ba, takardar haihuwa, takardar indijin ta ƙaramar hukuma, shaidar firamare da ta sakandare, da takardar amincewar iyaye. Kada ya daina gudun asuba. Wanda aka kira daga rizab yana tarar da abokansa sun riga sun fara sabawa da wahala, kuma ba wanda zai rage masa nisa don ya zo a makare.

Maganar takardu tana son a tsaya a kanta, domin a nan yaranmu suka fi zubewa. Suna ɗaya sai ka gan shi iri uku, Muhammad a NECO, Mohammed a JAMB, Muhammadu a takardar haihuwa. A wata takardar sunan gari ne a ƙarshe, a wata sunan kaka. Ranar haihuwa kuwa, hedimasta ya rubuta 1 ga Janairu don ya huta, NIN ta ɗauki wata daban, sannan a zo ana neman gyarawa da takardar rantsuwar kotu da aka yi satin tafiya. Mai tantancewa da ke da ɗaruruwan yara a gabansa ba zai zauna yana warware wannan ba, musamman in gyaran ya shafi shekaru. Lokacin gyara tun yaro yana aji huɗu ko biyar na sakandare ne, kafin a yi masa rajistar jarrabawar fita.

Sai kuma abin da ke cinye wa yara shekara ba dalili. Tunda NDA ce zaɓin farko, yawancin jami'o'i ba za su kula yaro ba sai ya canza makaranta a shafin JAMB. Masu rizab da dama sukan ƙi canzawa don kada su ɓata sa'arsu, su yi ta jiran gawon shanu har jami'o'i su rufe tantancewarsu. A ganina, tun ranar da suna ya fito a rizab ya kamata uba ya binciko ranar da jami'ar da suke so za ta rufe, ya sa ta a matsayin iyakar jira. In ranar ta matso ba kira, a canza. Shiga jami'a ba ta hana sake neman NDA baɗi muddin shekaru ba su wuce ba.

Kuma a lokacin nan ne 'yan damfara ke cin kasuwarsu. Sunayen a bainar jama'a suke, don haka ba wuya wani ya bugo ya ce shi kanar ne ko yaron wani janar, akwai gurbi amma sai an ga alheri. Dabararsu mai sauƙi ce: su karɓa daga mutum goma, in Allah ya sa aka kira ɗaya bisa ƙa'ida su ce aikinsu ne, sauran tara kuma a ce musu a yi haƙuri sai baɗi.

Shekaru su ne jarin mai neman NDA. An daɗe ana sa iyakar daga 17 zuwa 21, kuma sanarwar kowace shekara tana faɗin watan da ake ƙirgawa. Wanda ya gama sakandare yana da 17 yana da damar gwadawa sau huɗu ko biyar. Wanda ya gama yana da 20, kamar yadda yawancin yaran karkara ke yi saboda sun fara da allo ko sun shiga boko a makare, sau ɗaya ko biyu ne. Wannan bambancin ba a cika faɗarsa ba, alhali shi ke yanke wa yaro ko ya sake jira ko ya kama wata hanya.

Wannan ya kawo ni ga makarantun da mutane ke ɗauka gada ce zuwa NDA. Makarantar Soja ta Zariya, NMS, da ke barikin Chindit, ta samo asali a 1954, shekara goma kafin a kafa NDA a 1964, kuma ta yaye mutane irin su Tunde Idiagbon da David Mark da Buba Marwa. Sojan sama na da tasu a Jos tun 1980. Waɗannan sakandare ne na shekara shida da ake shiga daga firamare, kuma yaro yana fitowa ya iya fareti, ya san bindiga, ya saba da tashin asuba da bin umarni. Wannan riba ce babba a gaban hukumar zaɓe da kuma a watannin farko na horo. Amma ba takardar shiga ba ce. Shi ma sai ya rubuta JAMB ya kawo maki, ya yi takara a jiharsa. Makarantun Command kuwa, duk da soja ke gudanar da su, sakandare ne kamar sauran, sai dai tsauri. Uban da ya kai ɗansa can yana lissafin aninin hafsa ya riga ya shiga aljihu, ya sake lissafi. Abu mafi muhimmanci, babu ɗaya daga cikinsu da ke da amfani ga ɗan shekara 18 da ya riga ya gama sakandare ya tsaya a rizab.

A nan ne nake ganin akwai abin dubawa a tsarin Amurka. Makarantar hafsoshinsu ta West Point tana ɗaukar kimanin mutum 1,200 a shekara, kuma yawanci sai ɗan majalisa ya gabatar da sunan yaro, wanda shi ma wani nau'in rabon gurbi ne bisa yanki, domin kowane ɗan majalisa mutum 5 kawai zai iya samu a makarantar a lokaci guda. Wanda ya cika sharuɗɗa amma wani ya riga shi gurbin mazaɓarsa ba a yar da shi. Ana zuba shi a jerin jira na ƙasa baki ɗaya, a jera su bisa maki, kashi 60 cikin ɗari karatu, 30 shugabanci, 10 ƙarfin jiki. Doka ta daɗe tana tanadar wasu guraben da za a cike daga saman wannan jeri, ba tare da duba daga ina yaro ya fito ba.

Ban da wannan suna da makarantar share fage ta soja, wadda aka kafa a 1946, aka dawo da ita harabar West Point a 2011. Ba a neman ta kai tsaye. Ofishin ɗaukar ɗalibai ne ke zaɓo wanda ya ga yana da jiki da hali amma karatunsa bai ƙarasa ba, galibi ƙananan sojoji da ke bakin aiki da 'yan wasa, a ba shi wata 10 na Lissafi da Turanci da horo, gwamnati ta ɗauki nauyi. Ba a yi masa alkawarin shiga, sai ya ci kuma an shaide shi, amma akasarinsu suna wucewa. Sojan ruwa na da irinta a Newport, sojan sama a Colorado Springs. Akwai kuma tallafin ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da ke tura wanda ya cancanta amma bai sami gurbi ba ya yi shekara a makarantu irin su Marion Military Institute da New Mexico Military Institute. Ko a can shekarar share fage tana cin lokaci: tunda ba a shiga West Point in an cika 23 kafin 1 ga Yuli, wanda ya cika 22 ya makara ga share fage.

Mu ma ba baƙi ba ne ga wannan tunani. Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa don irin yaran da makarantunsu suka gaza. Roƙona ga hukumomin tsaro abu biyu ne. Na farko ba ya cin ko kwabo: a rubuta a jikin sanarwa ranar da za a rufe kiran 'yan jira, don yaro ya san ranar da zai daina sauraren waya. Na biyu, a duba yiwuwar shekarar share fage ga waɗanda suka tsallake likita da gwajin jiki amma karatu ya rage musu kaɗan. Na san za a ce kuɗi, kuma za a ji tsoron kada ta zama ƙofar baya ga 'ya'yan manya. Tsoron na da tushe. Maganinsa shi ne a ɗauka daga jerin da aka riga aka wallafa kawai, bisa maki.

Kafin nan, share fagen yana hannun iyaye, kuma ya danganta da inda yaro ya faɗi. In JAMB ce ko jarrabawar makarantar, a sa shi darasi na Lissafi da Turanci na wata shida, yana gwaji a kwamfuta da agogo a gabansa. In gudu ne, wata uku na atisaye a kai a kai ya isa ya canza shi. In baki ne ya mutu a gaban hukuma, ya riƙa karanta jarida da ƙarfi yana bayyana abin da ya karanta da Turanci a gaban wani malami. In kuwa likita ne, a je asibiti a san ainihin abin. Gwaiwa ana yi mata aiki ta warke kafin baɗi. Amma sikila, ko rashin bambance ja da kore, ko gwame mai tsanani, ko namijin da ya gama girma bai kai mita 1.68 ba, sake sayen fom ba zai canza su ba, kuma gara a faɗa wa yaro gaskiya tun yana da sauran shekarun karatu.

Wanda shekaru suka ƙure wa kuma lafiyarsa ƙalau, ya je ya yi digirinsa ko babbar difloma. Rundunonin uku duk suna ɗaukar masu digiri a gajeren kwas na watanni, su fito da anini a kafaɗa, kuma iyakar shekarunsa ta fi ta NDA faɗi sosai.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna