Kafin ka canja mota, ka kai bakanike ya leƙa ƙarƙashinta

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Shekara tara ina jan tsohuwar Golf ɗina tsakanin Zariya da Kano. Da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ga shan mai, ga gareji kowane mako, dole na nemi canji.

Dillali ya nuna min wata jif mai silinda shida, fenti sai ƙyalli. Wallahi raina ya biya. Bakanikena ya kwanta ƙarƙashinta da tocila, ya nuna min walda a shasi: ta taɓa yin mummunan hatsari. An kuma cire jakar iskar sitiyari, wadda ke kare direba idan an yi hatsari, aka kashe fitilar da ke nuna hakan.

Na koma kan Toyota Corolla ƙirar 2008, silinda huɗu, mai birkin ABS, wanda ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Tana hawa tudu da iyalina ba nishi, kayan gyaranta kuwa ga su nan a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano. Da ragowar kuɗin na sa sababbin tayoyi, don waɗanda ta zo da su sun tsattsage a gefe.

Dillalai, ku ji tsoron Allah. Jiya na ga jif ɗin nan a hannun wani matashi, ya ɗauko yara daga makaranta.

Naku,
Malamin makaranta, Zariya